Hannun da Ke Tatsar Dafi

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Gizo talatin da fuɗu ke gare mu yau cikin kwalabe. Na ba su gara da safe, dut sun ci sai biyu.

Wata uku ke nan da Dakta Zahara'u ta ɗauke ni aikin ga. Shekara ashirin da shida ina kula da ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu nan Tambuwal, ina wanke kwalabe, ina feɗe wa ɗalibai kwaɗi, ban taɓa zaton kiwon gizo-gizo zan ƙare da shi ba. Ita ma nan ta yi karatu. In an tashi takan tsaya bakin ƙofa har sai na bar ta ta leƙa madubin ƙara girma. Yanzu jami'a ta turo ta bincike, an ba ta ƙaramin ɗakin baya, ta ce ba ta son kowa sai Baba Lauwali. Wai hannuna ta tuna, hannun da ba ya motsi.

Hannun nan ne ya sa na buɗe littafin ga. Ɗazu ina tsiyaya ruwa, bakin kwalba ya bugi ɗan'uwansa sau uku. Kas, kas, kas. Ba kowa a ɗakin.

Zafi ne, in sha Allahu.

Laraba, 8 ga Mayu

Ranar tatsa. Bari in rubuta yadda ake yi, ko don in ga har yanzu na sani.

A busa wa gizon iskar gas har ta yi barci. A kwantar da ita rigingine ƙarƙashin madubi. Cikinta baƙi wul, shina sheƙi kamar an shafa mai, da jan tabo a tsakiya. A taɓa ta da 'yar waya mai ɗan lantarki, sai ɗigon dafi ya fito bakin fiƙarta, ɗigon da ido bai gani sai da madubi. A zuƙe shi da siririn bututun gilashi. Minti biyu ko uku. In ka yi nawa, a hannunka za ta farka.

Dakta ta ce dafin jijiya shika kamawa. So take a san ƙarfin na gizon ƙasarmu, don in manomi ya zo asibiti cikinsa ya ƙulle kamar dutse shina zufa, a tuna da gizo, a daina yi mashi maganin abin da ba shi ba. Turawa wai baƙar bazawara suke ce mata, don takan cinye namijin. Da na gaya wa Batula, matata, cewa ta yi, "Allah shi raba mu da irin wanga zawarci."

Na tatsi tara. A ta takwas bututun ya kauce, na soki iska. Dakta tana rubutu, ba ta gani ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Zare munka ja yau. Wannan ya fi tatsa wuya. Ka kama bakin zaren daga bayanta da hantsaki, ka ɗaura a ɗan ƙaramin kwarkwaro, ka riƙa juyawa a hankali. Dakta ta gwada sau biyat, sau biyat shina tsinkewa. Ta yi tsaki ta tura mani kujera.

"Baba, ni dai auna ƙarfinshi na iya. Ja mani."

Ta ce in anka gane sirrin ƙarfinsa, wataƙila wata rana a yi zaren ɗinkin rauni irinsa. Allah ya nuna mana.

Na ja kamu goma sha biyu bai tsinke ba. Amma sai da na danne tsintsiyar hannuna da bakin tebur har ta yi shaida. Da can ba na yin haka.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na daina shayi. Kwana uku. Ba abin da ya sake.

Talata, 14 ga Mayu

Na tambayi Dakta a kaikaice. Na ce, mai taɓa dafin ga kullum, ko bai cije shi ba, zai iya sa mashi rawar jiki? Ta ce a'a, sai ya shiga jiki. Ta ɗago kai. "Wani abu kaka ji?" Na ce a'a, wani ne ya tambaye ni a masallaci.

Ƙarya a bakin mutum mai shekara hamsin da fuɗu.

Da ma na so ta ce i. Da dafi ne, sai in bar aikin, hannu ya dawo. In ba dafi ba ne, na san ko mene ne.

Mahaifina wanzami ne, duk yankinmu ba wanda bai san askarsa ba. Shekarunsa kamar nawa abin ya fara mashi. Ya ɓoye shekara guda. Ran kasuwa, gaban mutane, shina yi wa wani dattijo gyaran fuska, askar ta tsere ta tsaga mashi kunne. Jini har kan farar riga. Ba wanda ya zage shi. Da sun zage shi ma da ya fi. Sai dai daga ranar in sun zo wucewa su gaishe shi da ladabi, su wuce gun wani. Shekara tara ya yi zaune ƙofar gida, hannuwansa cikin hammata. A ƙarshe ni nika ba shi fura a baki, shina kallon bango.

Alhamis, 16 ga Mayu

Abin mamaki, in hannun na ajiye bisa cinya, lafiya lau. Sai na miƙa shi zan yi abu. Kamar ya san lokacin da nika buƙatarsa.

Ran Talata za mu Fakku. Wani manomi, Malam Ɗangiwa, ya aiko cewa gindin rumbunansa cike yake da irin yanar da munka kwatanta masu: yana marar tsari, kusa da ƙasa, mai ƙara ƙaras in ka tsinka ta da kara.

Zan gaya mata kafin mu tafi.

Litinin, 20 ga Mayu

Ban gaya mata ba. Ta zo da ɗiyarta Kamila, 'yar shekara biyu, tana ta yi mani gwalo ta taga. Dakta tana murna an karɓi rahotonta na farko, ta nuna mani sunana a ciki, a jerin waɗanda anka gode wa. Ta ina zan fara?

Gobe ɗai. In munka dawo sai in faɗa.

Laraba, 22 ga Mayu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina zaune a barandar asibiti a Kebbe. Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin a zuciyata ba.

Jiya da hantsi munka isa Fakku, ni da ita da Sirajo direba. Malam Ɗangiwa ya kai mu bayan gida, rumbu uku bisa duwatsu. Mun kama shida lafiya. Yadda muke yi, ni in kwanta in zaro gizon da dogon hantsaki, ita ta tara kwalba. Rana ta take. Ta cire safar hannunta ta dama don ta rubuta lamba jikin kwalba, alƙalamin na zamewa saboda zufa. Daidai nan na hango babba, irin wadda ba mu taɓa samu ba, tana gadin ƙwanta. Na ce, "Dakta, tara!" Ta miƙo kwalbar ba ta maida safar ba.

Na kama ta da kyau. Na fito da ita. Saura ɗan taki ta shiga kwalba, hannuna ya fizga. Ba sosai ba. Hantsakin ya buɗe.

Ta faɗa bisa tsintsiyar hannun Dakta, ta gangara cikin hannun rigarta. Dakta ta dafe wurin. Ko ni ne haka zan yi.

"Ta cije ni," ta ce, kamar mai faɗin ƙarfe nawa. Ta zazzage rigar, gizon ta faɗo, ta kife ta da kwalba. Ta dubi agogo ta ce in rubuta: sha ɗaya da minti goma. Ban iya rubutawa ba. Sirajo ya rubuta.

Malam Ɗangiwa ya kawo tsumma zai ɗaure damtsen, wata tsohuwa ta ce a tsaga a tsotse. Ta hana su. "Ruwa da sabulu ɗai. Ku kai ni asibiti." Tun farkon aiki ta gaya mana maganin dafin wagga ba a samunsa kusa, sai dai a rage wa mutum ciwo a tsare numfashinsa har jiki ya ci ƙarfinsa.

A mota, rabin sa'a na farko tana magana, tana sa Sirajo ya tuna: ciwo ya kai hammata, ciwo ya kai ƙirji. Daga nan ta daina. Ta dunƙule a kujerar baya. Zufa na ɗiga daga haɓarta kamar an kwara mata ruwa. Ƙafafunta na harbawa. Na taɓa ganin mace na naƙuda, ban ga irin wannan ba. Ko'ina munka faɗa rami sai ta yi wani nishi da har yanzu shina kunnena. Sau ɗaya ta buɗe ido ta ce, "Baba, in wani abu ya faru, Kamila ba ta cin gyaɗa, ku faɗa ma Inna."

Inna, mahaifiyarta, ta san Kamila ba ta cin gyaɗa. Nan na gane ba ta cikin hayyacinta.

Ma'aikatan asibitin sun yi ƙoƙari. Da ƙyar ta gaya masu abin da za su duba, sunka saurare ta. An sa mata ruwa, an yi allurai. Jininta ya hau ƙwarai. Mijinta ya iso daga Sakkwato da la'asar, ya kama hannuna da hannu biyu shina mani godiya.

Hannun. Shi ya kama.

Alhamis, 23 ga Mayu

Har yanzu. Tafin ƙafafunta na mata zafi kamar wuta, ba ta runtsa ba. Likita ya ce yawanci ana tashi. Yawanci.

Ya Allah, in ka ɗauke ta, ni ne.

Asabar, 25 ga Mayu

Ta zauna. Ta sha kunu. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

An sallame ta, tana gidan mahaifiyarta, Hajiya Nana, nan Tambuwal. Na koma ɗakin baya na ba gizo abinci. Babbar tana cikin kwalba ta arba'in da ɗaya, har ta yi sabuwar yana. Na daɗe ina kallonta. Ba ta da laifi. An matse ta ne.

Litinin, 27 ga Mayu

Ta aiko mani da rahoton haɗarin in sa hannu a matsayin shaida. Ta rubuta cewa laifinta ne: ta cire safa, gizon kuma ta saki kanta ta faɗo kamar yadda sukan yi in sun tsorata. Ba ta ga komi ba. Idonta na kan bakin kwalba.

Ke nan ba wanda ya sani. Sirajo na can gindin mota, Malam Ɗangiwa na bayana.

Sa hannu ɗai. Takardar na cikin aljihuna.

Laraba, 29 ga Mayu

Batula ta ishe ni zaune da takardar bayan azahar. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta iya karatuna. Ta ajiye tsintsiya.

"Malam, hannun na, ko?"

Na ce wane hannu.

"Tun azumi nika gani. Kai kana zaton don mi nid daina cika maka kofi? Don mi nim maida maɓallan rigunanka manya?"

Na duba rigata. Wallahi manya ne. Ban lura ba.

Na gaya mata dut. Ta ce, "In kas sa hannu ga wagga takarda, gobe wa za ya tara maka kwalba?" Na ce sai in bar aikin shiru, in ce na gaji. Ta ce, "Ita kuma ta zauna da laifin da ba nata ba, manyanta na ganinta sakarai?"

Na yi mata tsawa. Shekara talatin ban yi mata irinta ba. Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara.

Juma'a, 31 ga Mayu

Na je har ƙofar gidan Hajiya Nana. Na dawo.

Asabar, 1 ga Yuni

Na faɗa.

Tana zaune bisa tabarma a tsakar gida, ta rame, idanu sun faɗa. Kamila na barci a cinyarta. Na miƙa mata takardar ba sa hannu. Sai na ɗauki cokali daga kwanon da ke gabanta, na ɗebo ruwa, na miƙa hannu. Kafin in ƙirga uku ba ko ɗigo a cokalin.

Ta dubi cokalin. Ta dube ni.

"Tun yaushe?"

Na ce tun kafin azumi.

"Ranar da kat tambaye ni batun rawar jiki..."

Na ce ni ne.

Na zaci za ta yi kuka ko faɗa. Ba ta yi ba. Ta gyara wa yarinyar kwanciya. Muryarta ƙasa-ƙasa: "Baba Lauwali, ni na ɗauke ka uba. Da ka faɗa mani, da mun sake tsari cikin minti biyat. Kwana biyu ina jin kamar ana murɗe mani ƙashi, ina tunanin wa za ya riƙe wagga yarinya. Ina ta zagin kaina."

Na ce ta yafe mani.

"Ka bar ni tukuna," ta ce. "Sai na sake rubuta rahoton. Da sunanka ciki."

Hajiya Nana ta rako ni zaure tana tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau.

Talata, 4 ga Yuni

Sirajo ya zo ya karɓi mabuɗin ɗakin baya. Bai kalli idona ba. Dakta za ta riƙa ba gizo abinci.

Lahadi, 9 ga Yuni

Shiru. Ko mota ta tsaya a ƙofa sai in ce takardar kora ce. In Dakta ta kai wa shugaban makaranta maganar, ɗakin gwaje-gwajen ma ya tafi. Wa zai bar mai rawar hannu da kwalaben asid gaban ɗiyan mutane? Ni ma da ni ne shugaba ba zan bari ba.

Na kama kaina zaune ƙofar gida da hantsi, hannuwa cikin hammata. Na tashi da sauri na shiga ciki.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. Tun da na yi aure ni ke yanka ragona. Na wasa wuƙa jiya. Da munka dawo idi an kayar da shi, na durƙusa, na ɗora wuƙar. Tana rawa bisa wuyansa. Dabba tana kallona.

Na tashi na leƙa katanga na kira maƙwabcina, Malam Siddiƙ. Ya ce, "Lafiya?" Na ce hannuna ne ba daidai ba. Ya ce, "Ayya, Allah shi sauwaƙe," ya yi bisimilla ya yanka. Shi ke nan. Bai ƙara tambaya ba, ya ma tsaya ya taya ni fiɗa.

Na yi tsammanin abin zai fi haka zafi.

Alhamis, 20 ga Yuni

Dakta ta zo da kanta. Ba ta zauna ba.

Ta ce ta aika rahoton yadda abin ya faru, da safarta da hannuna, dut biyun. Manyanta sun yi faɗa. Sharaɗi uku: in ga likitan jijiya a Sakkwato, ta riga ta yi mani magana da wani, ba ni ba taɓa gizo mai rai, shugaban makaranta kuma ni zan gaya mashi da bakina, ba ita ba.

"Zaren ga ya ƙi ni," ta ce tana kallon gefe. "Sati biyu ban ja kamu ɗaya ba. Ka zo ka zauna kusa, ka faɗa mani abin da nika yi ba daidai ba."

Ba ta ce ta yafe ba. Da za ta fita ta ce, "A gaida Inna Batula."

Laraba, 26 ga Yuni

Likita ya sa na zana da'ira, na taɓa hanci, na riƙe kofi. Ya ce irin ta gado ce, ba ta kisa, ba ta kuma warkewa, ƙwaya na rage ta. Na tambaye shi ko za ta kai a riƙa ba ni abinci a baki. Ya ce bai sani ba, wasu takan kai, da yawa ba ta kaiwa.

Bai sani ba. Ina ta juya maganar a mota har Tambuwal.

Shugaban makaranta ya ce asid da wuta a bar wa malamin kimiyya, sauran aiki in ci gaba zuwa ƙarshen zango, sa'an nan a duba.

Juma'a, 28 ga Yuni

Kamu bakwai ta ja yau. Matsalarta riƙe numfashi take, kafaɗa ta sandare. Na ce, "Saki numfashi, Zahara'u, ba guduwa za ta yi ba." Sai bayan na faɗa na ji ban ce Dakta ba. Zaren bai tsinke ba.

Zama kusa da madubi kana kallon wani na yi, akwai ciwo. Hannuna na ta motsi bisa cinya, wannan karon ba rawa ba.

Talata, 2 ga Yuli

An yi ruwa jiya, hanyar Jabo dut laka. Mun je yi wa manoma bayani gindin wata tsamiya, sun kai mutum arba'in. Ta yi nata, sa'an nan ba shiri ta miƙo mani kwalbar da matacciyar gizo ke ciki cikin ruwan magani, ta ce Baba zai nuna maku yadda ake gane ta, ya fi ni sanin inda take ɓuya.

Na ɗaga kwalbar. Ruwan na ta kaɗawa, gizon na juyi a ciki, kowa na gani. Na nuna masu jan tabon. Na ce a riƙa zazzage takalmi da buhu, kada a cusa hannu gindin rumbu sai an zungura da kara, in ta ciji mutum kada a tsaga, a kai shi asibiti a faɗi abin da ya cije shi.

Wata tsohuwa a gaba ta ce da ƙarfi, "Malam, kai ma tsoronta kaka ji? Ga hannunka na kyarma!" Anka yi dariya.

Na ce, "A'a Inna, ciwo na gare ni. Matso ki ga tabon da kyau, sai dai ki bi shi da ido, ba ya tsayawa wuri guda." Anka sake dariya, har da ni. Ta matso, ta kama gindin kwalbar da hannunta, munka riƙe tare.

Ban san ko gaskiya na gaya mata ba. Rabi dai, ina jin.

Ran Alhamis za mu Sanyinna. Na ce wa Sirajo ya biyo mani da wuri.